Totuwa a Randar Goggo Furera

Shekara arba'in da huɗu ina suyar kifin mutumin nan, amma ban taɓa ganin ya kama ko ɗaya da idona ba sai bara. Abin da na sani, gari na wayewa zai saɓa sandunansa na gora ya fita, kafin azahar ya dawo da kwando yana ɗiga. Ni kuma in hau kankarewa da feɗewa, da la'asar in soya, maƙwabta su yi ta aike.

Sunansa kam ba za ku ji a bakina ba. Mijina ne, kuma ba a gidan da mace ke gatsa sunan miji na tashi ba. In kun je bakin ruwan Bagauda ku ce Mai Totuwa, kowa zai nuna muku gindin ɗinyar da yake zama. Ni Malam nake ce masa, duk da karatun nasa bai wuce izu biyar ba. Ni ce Furera, 'yan unguwa na ce mini Goggo, kuma an ce ina da faɗa. Ban musa ba.

Malam ba ɗan masunta ba ne. Ubansa manomi, kakansa manomi, a gidansu ba su san wani ruwa ba bayan na rijiya da na sama. Yana ɗan saurayi aka tare ruwan Bagauda, ruwa ya taho har gindin gonarsu ya kwanta. Masu koma da masu kwalekwale suka zo daga nesa suka hau aiki. Shi bai gaji jirgi ba, bai iya iyo ba, har gobe ma bai iya ba, ku riƙe wannan. Sai ya sari gora, ya ɗaura zare da ƙugiya, ya haƙo tana, ya zauna a gaɓa yana fatsa. Masu koma suka yi ta yi masa dariya, wai yana tsintar kifi ɗaya-ɗaya kamar kaza a masussuka. Ya ce su je, su kwasar kifi suke, shi kuwa hira yake da shi. Da damina yana noma kamar kowa, amma ko ranar shuka sai ya leƙa ruwan ya dawo. Ya sha faɗa, da wasa da gaske, cewa ranar da aka hana shi zuwa bakin ruwa, a fara auna masa likkafani.

Totuwa dai kun san ta, farar tsokar nan mara nauyi da ke cikin karan dawa. Ita yake ɗaurawa a zaren fatsa, ta tsaya a saman ruwa tana gaya masa abin da ake yi wa ƙugiya a ƙasa. Kowane mai fatsa da abin da yake ɗaurawa, wani guntun soso, wani murfin kwalba, wani duk abin da ya tsinta a hanya. Amma shi, Allah na tuba, ko haihuwar 'ya'yansa bai yi wa zumuɗin da yake yi wa totuwa ba.

Da an yanke dawa, hankalin sauran maza na kan zangarniya, shi nasa na kan kara. Karan da na tara don girki da gyaran danga, sai ya wargaza mini shi yana neman gaɓar can sama, siririyar da ke kusa da kai. Ya ɓare ɓawon da farce, ya soke ta a rufin ɗaki har ta bushe ƙayau, ya feƙe ta da reza ta koma kamar tsinken sakace, ya shafe ta da kakin zuma don kar ta sha ruwa. Daga nan ya tsoma kan a jan farce. Kwalbar jan farcen da aka kawo wa autarmu cikin kayan biki, a kan totuwa ta ƙare, yarinyar ko buɗe ta ba ta yi ba.

Babban laifin kuwa shi ne gwaji. Duk ruwan da Allah Ya tara a Bagauda bai ishe shi ba, sai randata ta sha! Zai matse 'yar dalma a ƙasan zaren, ya jefa cikin randa, ya durƙusa yana leƙe. In kan totuwar ya fito da yawa ya ƙara dalma, in ta nutse ya gatsi dalmar da haƙori ya rage, har sai abin da ya saura a saman ruwa bai fi tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Malam, a ruwan da muke sha?"

"Ai na wanke hannu."

Na ba shi bokiti, ya ce ba zurfi. Na ba shi tsohon tulu, ya ce baki ya yi ƙunci. Shekara arba'in muna wannan faɗan, ban ci nasara ko sau ɗaya ba.

In na tambaye shi dalilin wannan wahala, sai ya gyara zama, ni kuma in yi da-na-sanin tambaya. Wai totuwa in ta yi girma, kifi na jin nauyinta tun kafin kai ka ga motsinta, sai ya tofar da tanar ya yi gaba. Wadda ta yi daidai kuwa, ko shinshinar tana kifi ya yi sai ta faɗa maka. Kuma kowane kifi da irin sallamarsa. Kawara ɓarauniya ce, za ta yi ta karkaɗa totuwa kamar mai rawar sanyi, ka ja ka tarar ta tsotse tanar. Kurungu jan ta yake gefe a hankali. Tarwaɗa ba ta da kunya, lumewa take da ita gaba ɗaya ta yi gaba, ko makaho ya kama ta. Babbar karfasa kuwa ita ce malamar. Ba ta ja ƙasa. Ɗaukar tanar take a hankali ta ɗago, ta ɗauke wa zaren nauyin dalma, sai ka ga totuwa ta taso kaɗan, ta karkata, ta kwanta a kan ruwa. In ta kwanta, to nan ne. Kafin nan ka yi gaggawa, bayan nan ka makara.

Ina jinsa ne kawai kamar rediyon maƙwabta, ina tuƙin tuwona. Ban san maganar tana zama a kaina ba.

To ni Allah Ya yi ni da bin diddigi. Shekara uku da suka wuce na fara lura kwandon Malam ya sauya. Karfasa ta yi ta raguwa, har ta zama sai a yi mako ban ga ko ɗaya ba, kullum tarwaɗa, kullum tarwaɗa. Masu aike suka fara cewa, "Goggo, yau ma babu karfasa?" Na tambaye shi, ya ce masu koma ne suka kwashe ta. Amma ga ta nan tuli a tiren matan wasu.

Sai na biyu. Shekara da shekaru, duk kifin da ya kawo, in na duba ramin ƙugiya a leɓen sama yake, tsaf. Da wannan yake cika baki, wai alamar an ja a kan lokaci ke nan. Sai ga ni ina feɗe tarwaɗa ina tarar da ƙugiya can cikin tumbi, an yanke zaren an bar ta a ciki. Sau biyu tana soke ni a yatsa. Kifi ba ya haɗiye ƙugiya har tumbi sai in mai fatsa ya bar shi ya gama cin abincinsa bai sani ba, kuma a bakin Malam ɗin na ji haka.

Na uku kuma totuwar da kanta. Mutumin da ke raina mai ɗaura soso, sai ga shi ya tsallake siririyar gaɓa yana zaɓen mai kauri. Ta zama kamar ƙaramin yatsa, ta zama kamar babban yatsa. A da kai kawai yake rinawa, sai ya koma shafe ta da ja tun daga sama har ƙasa. Ranan na fito zan yi alwala na tarar da silifas ɗina ruwan ɗorawa, ƙafa ɗaya an yanke mata dunduniya.

"Malam! Wa ya ci mini takalmi?"

"Aro na yi."

"Aro? Da wuƙa ake aro?"

Na yi faɗa har maƙogwarona ya bushe, amma a raina na ce ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya ce babbar totuwa korar kifi take, me zai kai shi ga dunduniyar takalmi?

Sai na shirya masa gwaji irin nawa. Wata rana da hantsi bai fita ba, yana zaune a tsakar gida. Na buɗe gwangwanin da yake tara tsofaffin kayansa, na ɗauko ɗaya daga cikin siraran nan na da, da zarenta da 'yar dalmarta. Na je na ɗaga murfin randa, na ce, "Malam, na tsinci wata tsohuwar totuwarka na jefa a nan. Zo ka ga ko tana da sauran amfani, in babu in sa a wuta."

Ya taso, ya durƙusa, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe.

"Ta tsaya daidai," ya ce. "Kar ki ƙona."

Totuwar tana cikin tafin hannuna. Babu komai a randar sai ruwa.

Na so in kama shi, na kuma kama shi, amma wallahi ji na yi kamar ni aka kama. Na shige ɗaki na yi kukana a ɓoye, na jefa totuwar a ƙasan kumbona na rufe. Ban faɗa wa kowa ba, don na san abin da zai biyo baya in 'ya'yansa suka ji. Kusan shekara guda ina riƙe da maganar nan a ciki, kullum ya fita gabana na faɗuwa har ya dawo.

Abin da nake gudu bai fasa zuwa ba. Akwai Hamman, Bafulatanin da rugarsu ke bayan dam, suna kiwo suna kuma noman masara. Kusa da ɗinyar Malam yake shayar da shanunsa, sun saba sosai. Wata rana kafin azahar na ji sallamarsa a ƙofar gida, na leƙo, sai ga shi riƙe da hannun Malam, Malam kuwa jiƙe sharkaf har wuya, babu hula babu kwando.

"Goggo, ku gode wa Allah," in ji Hamman. "Baffa ya taka inda babu ƙasa. Da ban kawo shanu da wuri ba, da yanzu wata maganar ake. Da sandata na jawo shi."

"Santsi ne," in ji Malam.

"Baffa, ka gafarce ni, babu santsi a wurin."

Ranar kasuwar Kafin Maiyaki Hamman ya je ya samu Mu'azu ya zayyana masa komai. Mu'azu ɗanmu ne na uku, shi ya sa kuka ji na kama sunansa, yana da rumfar gyaran babura a can. Washegari ya zo ya ɗauki ubansa sai asibiti a Kano. Likita ya duba, ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ta lalace. Abin da ya tafi ya tafi, ga magani a riƙa ɗigawa don a tsare ɗan abin da ya rage. Ɗan abin da ya ragen shi ne yana gane rana da inuwa, yana ganin mutum kamar kututture mai tafiya.

Suna dawowa Mu'azu ya tattara sandunan fatsa guda biyar, ya ɗaure su da roba a bayan babur. Ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma ruwa kam an gama." Ban ga laifin yaron ba, don ko ni ce shi abin da zan yi ke nan. Malam ya ce, "To."

Wata biyu ya yi a soro. Daga masallaci sai tabarma, daga tabarma sai masallaci. Mutumin da ke tashi da malmala biyu ya koma barin rabin ɗaya. Wuyansa ya zurma cikin riga. In na tsokane shi da faɗa, maimakon ya ba ni amsar nan tasa mai ban haushi, sai ya ce, "Haka ne, Furera." Randata ta zauna tsaf, ba tsinke ba zare, abin da na yi shekara arba'in ina roƙo. Na samu, kuma na tsani samun. Maganar likkafanin nan da muke ɗauka wasa, na ga tana tahowa da ƙafarta.

Wata Juma'a Mu'azu ya zo gaisuwa, na ja shi ɗaki.

"Dawo wa ubanka da sandunansa."

"Haba Inna! So kike ruwa ya ci shi?"

"Ruwa bai ci shi ba, ga soro nan yana cinsa a gabanka. Ka dube shi da kyau kuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gani, Inna. To amma wa zai riƙa kai shi yana tsaronsa? Ni ina rumfa, kowa da abin da ke gabansa."

"Ni."

Yaron nan ya yi dariya, ni na haife shi amma ya yi mini dariya. "Inna, ke? A bakin dam, cikin maza? Me mutane za su ce?"

"Kai Mu'azu, shekarata sittin da ɗoriya, haƙoran gabana sun yi gaba, wa zai sace ni? Su faɗi abin da za su faɗa, ba a bakinsu nake kwana ba."

Da ƙyar ya yarda. Ya kawo sanda ɗaya, ya ce mako guda ya ba mu. In Baba ya sake ko da jiƙa idon sawu ne, zai kakkarya su duka ya ba ni in hura wuta.

Tsufa bai ɗauke neman izini ba, don haka na je soro na durƙusa na ce, "Malam, gobe ina so in fita."

"Ina za ki?"

"Fatsa."

Ya juyo da fuskarsa wajena, na ɗora masa sandar a cinya. Ya shafa ta tun daga gindi har kai. Ranar ya cinye tuwonsa.

Da safe muka kama hanya. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ce shi ba a jansa, hanyar da ya yi shekara hamsin yana bi ba sai an nuna masa ba. Ya shige gaba, ina biye ina faɗin, "Dutse! Rami! Kashin shanu!" Ruwan Bagauda na sha hango shi daga cikin mota, amma ban taɓa tsayawa a bakinsa ba. Tabɗi! Ashe haka yake da faɗi, ashe haka yake da ƙamshin laka. A gindin ɗinyar akwai wani ɗan gurbi da zamansa ya lotsa. Na auna da ido, na ja masa layi a ƙasa da ƙafata taku uku daga gaɓa, na ce in ya tsallake wannan ni da kaina zan kira Mu'azu.

Soka tana a ƙugiya bai buƙaci ido ba, yatsunsa sun haddace. Ya ɗaura dunduniyar silifas ɗina, ya wurga, ya ce, "To, ga aikinki. Duba."

Na zuba ido. Iska ta ɗan kaɗa, abin ya yi rawa, na ƙwala ihu, "Ja! Ja! Malam ja!" Ya fizgo, ga tana nan lafiya lau ko taɓa ta ba a yi ba. Shanun Hamman da ke shan ruwa suka firgita suka yi baya, shi kuwa Hamman ya dafa sandarsa yana dariya har da hawaye.

"Furera," in ji Malam, "kifin da ke dam ɗin Tiga ma ya ji ki."

Ranar tarwaɗa ɗaya muka samu, ita ma ita ta kama kanta. Rana ta biyu na rage murya amma ban rage ba da umarni ba. Can ya ajiye sandar ya ce, "Ki faɗa mini abin da kika gani, kar ki faɗa mini abin da zan yi. Shekara arba'in kina faɗa mini abin da zan yi, yau dai ki huta."

Na haɗiye, don gaskiya ya faɗa. Na koma ba da labari. "Ya ɗan motsa."

"Wane irin motsi?"

"Motsi dai! Motsi yana da dangi ne?"

Amma fa ba laifina ba ne duka. Guntun takalmin nan zaune yake a kan ruwa kamar agwagwa ta ƙoshi. Sai mu yi ta zama ban ga komai ba, ya jawo ya tarar an wanke ƙugiya tas. Abin ya riƙa ci mini rai, ina son in san wane ne ke ƙasa yana yi mana wannan wulaƙanci, da kuma yadda yake yi ban gani ba.

Rana ta huɗu, wajen hantsi, ya jawo ƙugiya babu tana karo na bakwai. Ya fara naɗe zaren a jikin sanda a hankali.

"Tashi mu tafi," ya ce. "Ki aika wa Mu'azu ya zo ya ɗauki abarsa. Wannan ba fatsa ba ce, ciyar da kifi ne. Na gode, Furera, kin yi ƙoƙari. Gara soron."

Mu'azu zan iya yin faɗa da shi, amma in Malam da bakinsa ya ce soro, to magana ta ƙare.

Tun ranar farko akwai abin da na ƙulle a bakin zanena. Siririyar totuwar nan ce, na ciro ta daga kumbo na taho da ita, kunya ta hana ni fito da ita, don tana fitowa zan tuna abin da na yi masa. Amma a lokacin na dubi dunduniyar takalmin na ce, yo wannan ai don idonsa aka yanka ta. Ni da har yau nake zura zare a allura ba tabarau, me ya haɗa ni da ita? Na kwance ƙullin na sa masa a hannu.

"Malam, ka yanka wancan daidai idonka. Yanzu idon nawa ne. Ɗaura mini wannan."

Ya murza ta tsakanin yatsu biyu, ya shafa kan, ya taɓa dalmar. "A ina kika samo ta?"

"A inda na ajiye."

Ya warware zaren, ya cire takalmina ya miƙo mini kamar zai yi mini wani amfani, ya ɗaura siririyar. Ya sauke ta a ruwa nan kusa.

"Me ya fito?"

"Kamar gaɓar yatsa."

Ya jawo, ya lalubo dalma a aljihu, ya gatsi ɗan mitsitsi ya matse a zaren, ya mayar. "Yanzu fa?"

"Ƙwayar shinkafa biyu."

"To, bismillahi."

Ya wurga. Ɗan jan ɗigo ne kawai can a kan ruwa, amma ina ganinsa sarai. Ikon Allah, sai ga abin yana magana! Ruwan da na kwana huɗu ina cewa babu kowa a ciki, ashe cike yake da masu kai da kawowa.

"Tana rawar sanyi."

"Kawara ce. Ƙyale ta."

"Ta daina. Ta tsaya cik."

"Uhm."

Ina jin numfashinsa. Can na ga jan ɗigon ya ƙara tsawo, ƙwaya biyu ta zama uku, ta zama huɗu, har farin jikin ya fara fitowa.

"Malam, tana tasowa."

"Ci gaba."

"Tana tasowa. Tana karkata. Malam, ta kwan..."

Ban ƙarasa ba. Wuyan hannunsa kawai ya ɗan karkaɗa, sandar ta lanƙwashe, zaren ya hau yanka ruwa hagu da dama. Ya miƙe tsaye, ni kuma na cafke bayan rigarsa da hannu biyu, ina duban kifi ina duban layin da na ja. Bai tsallake ba. Ya ɗago ta ta faɗo kan ciyawa tana fatal-fatal, karfasa ce, faɗinta ya kai tafin hannu biyu.

Ya durƙusa ya lalubo ta, ya danne. Bai damu da girmanta ba. Babban yatsansa ya zura a bakinta yana neman inda ƙugiya ta shiga.

"Leɓen sama," ya ce.

Ni Furera, da tsufana, na rangaɗa guɗa a bakin dam. Shanun Hamman suka sake watsewa, wannan karon bai yi dariya ba, "Barka, Baffa, barka" kawai yake ta faɗi.

Ranar da mako ya cika Mu'azu ya zo. Na ajiye masa soyayyar karfasa uku a gabansa. Ya ci, ya dubi ubansa da ke ta surutu a kan kurungu, ya dube ni. Kasuwa ta gaba sai ga sauran sanduna huɗu a bayan babur. Har yau tare muke fita. Matan unguwa sun sa mini Sarkin Ruwa, ina jinsu, oho. Yanzu na san sallamar kurungu da ta kawara ba sai na tambaya ba, kuma akwai wani motsi guda, totuwa ta yi ƙasa kaɗan sau biyu ta tsaya, da har yau muke gardamar ko wane ne.

Da kakar bana aka yanke dawa, na fito na tarar an wargaza mini kara. Bayan kwana goma ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji an ɗaga murfin randa, na ji ɗan ƙaran abu ya faɗa ruwa.

"Furera, zo ki duba mini ko ta tsaya daidai."

Na taso ina mita, "Malam, a ruwan da muke sha?" Na durƙusa kusa da shi zan leƙa, sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ki duba da kyau. Wannan karon tana ciki."

Na ɗago na dube shi. "Ka sani?"

"Shekara arba'in ina jefa dalma a randar nan, a ce ban san ƙararta ba? Murfi kawai kika ɗaga."

"To me ya sa ka ce ta tsaya daidai?"

"Na daɗe ina son in faɗa miki, bakina ya ƙi. Da kika tambaya, sai na ce bari dai ta sani."

Na leƙa randar. Sai da na goge idona sau biyu da bakin zane kafin na iya ganin komai.

"Ta nutse da yawa, Malam," na ce. "Rage dalmar."